Maganar Ya Fanne a Taron Gashuwa

Shekarar da aka ce za a yashe hanyoyin ruwan da ciyawar kacalla ta toshe tsakanin Nguru da Gashuwa, Meram Mustapha na cikin waɗanda aka ɗauka su zaga ƙauyuka su ji bakin jama'a kafin a fara aikin. 'Yar Nguru ce, ta karanta ilimin zamantakewa a jami'a, ta dawo gida ta daɗe tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta kafin wannan damar ta samu. Tana jin Barbarci kamar Hausa, tana kuma tsintar Badanci, yaren mutanen Gashuwa, shi ya sa ƙungiyar da ke binciken ta ɗauke ta ba tare da dogon turanci ba.

Shugaban tawagarsu Dakta Zakir ne, mutum mai fara'a da son aikinsa. Kafin su fita ya tara su a Gashuwa ya horar da su, Meram kuwa ta sha maganarsa kamar mai ƙishi. Ya ce musu taron gindin bishiya ba ya nuna ra'ayin gari, ra'ayin mai gari yake nunawa, don haka a zauna da mata daban, matasa daban, sannan a bi mutane ɗaya-ɗaya. Ya ce kada mai tambaya ya sa wa mutum amsa a baki. Kada a kunna rikoda sai an gaya wa mutum abin da za a yi da maganarsa, ya kuma yarda. Sunan kowa ba ya fita. Ya ƙara da cewa magana ba ta zama sakamakon bincike sai ta zauna a kan majiya fiye da ɗaya, kamar yadda tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya.

Da bazara suka isa Dabar Jumare, wani ƙauyen masunta a gefen tafki. Tafkin ya janye har sai mutum ya yi tafiya a kan busasshen taɓo kafin ya taɓa ruwa, kwale-kwale na kife a kan tudu, kacalla ta yi tsayi ta fi mutum, tsuntsayen jan-baki na tashi daga cikinta kamar hayaƙi. Mai garin, Bulama Ibram, ya tarbe su da kyau. Dattijo ne mai sanyin murya, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, aka kawo fura.

Dakta Zakir ya tambayi taron maza me ya kashe musu tafki.

"Kacalla ce, ranka ya daɗe," in ji Bulama. "Ita ta shaƙe hanyar ruwa. A cire mana ita, a sa mana ƙofar ruwa, shi ke nan kun gama mana komai."

Duk wanda aka nuna bayansa sai ya gyara zama ya ce, "Yadda Bulama ya faɗa haka ne."

Meram ta ja matan garin zuwa wani gida, ta zaunar da su a da'ira, ita ma ta zauna a ƙasa cikinsu. Ta yi musu bayani da Barbarci da Hausa, suka ce sun yarda. Suka yi ta magana a kan sauro, da tsuntsayen da ke cinye gero, da yadda kifi ya ƙanƙance har karfasa ta zama kamar tafin hannun yaro. Da ta tambayi me ya hana ruwa shigowa tafki, sai suka dubi juna. Wata ta ce kacalla. Wata doguwar mata baƙa da ke zaune kusa da ƙofa ta yi tsaki a hankali, sauran suka sunkuyar da kai, wasu na murmushi a ɓoye. Meram ta lura, amma ba ta matsa ba. An koya mata cewa abin da mutum ba zai faɗa a cikin taro ba, yakan faɗe shi in an same shi shi kaɗai.

Matar ita ce Fanne, mai bandar kifi. Mijinta Abbagana ya nutse a kogi shekarun baya, ya bar ta da 'ya'ya mata da duk suka yi aure a wasu garuruwa. Tun daga nan take sayen ɗanyen kifi a hannun masunta a bakin ruwa, ta banda shi, ta sayar wa fataken Nguru. Meram ta same ta a bayan gida, tana juya tarwaɗa a kan wayar banda, hayaƙi ya rina mata ido.

"Ya Fanne, sannu da aiki. Ko zan iya zama?"

"Zauna, 'yata. Kin ji tsakina ke nan."

"Na ji. Amma ba dole ba ne ki gaya mini komai. In kin ga dama ki yi magana, in kin ga dama ki bari, ko a tsakiya kika ce na kashe wannan abin zan kashe."

Fanne ta dubi rikodar da ke hannunta. "Wa zai ji?"

"Ni da shugabana. In za a rubuta, ba za a sa sunanki ba, ba za a sa sunan garinku ba. Babu wanda zai san ke ce."

"Kin tabbata?"

"Na yi miki alkawari."

Fanne ta ɗan jima tana gyara itace. Sannan ta ce, "To kunna."

Ta faɗi abin da kowa a garin ya sani. Kacalla tana nan, gaskiya ne, amma ba ita ce ta fara kashe tafkin ba. Duk shekara in ruwa ya fara ja baya bayan damina, mutanen Bulama kan je mashigar da ke kawo ruwa tafki su jera buhunan yashi, su juya ruwan zuwa fadamar shinkafa. Fadamar kuwa ta Bulama ce da wasu manyan mutanen birni da ya yanka wa gonaki. Ruwa ya daina gudu, kacalla ta samu wurin zama. Masunta sun sani, amma kowannensu a hannun Bulama yake samun izinin kafa gura, wato tarkon kifi, a hannunsa yake samun filin gida, wa zai buɗe baki?

"Ku cire kacalla yau, baɗi ta dawo," in ji ta. "Ba kacalla ce ta kashe mana tafki ba, buhunan yashi ne. In kuka sa ƙofar ruwa kuka ba shi makulli, kun hutar da shi ɗinkin buhu ne kawai. In ƙarya nake, ruwan da ya ci maigidana ya ci ni."

Meram ta kashe rikodar. Wannan ne abin da aka ce bincike yake tonowa, ga shi a hannunta. Da za ta tafi Fanne ta ɗaure mata kifi a takarda, ta ƙi karɓa saboda ƙa'idar aiki, Fanne ta ce in ba ta karɓa ba ta raina ta. Ta karɓa.

A ofishinsu na Gashuwa ta rubuta hirar kalma bayan kalma, ta cire sunan Fanne da na garin, ta kai wa Dakta Zakir. Ya karanta a tsaye, ya bugi tebur.

"Malama Meram, wannan shi ne aiki! Duk ƙauyukan nan kacalla, kacalla, ga wadda ta gaya mana abin da ke ƙarƙashin kacallar. Wannan za mu haska a taron mayar da sakamako."

Taron mayar da sakamako shi ne wanda ake kiran masu gari da jami'ai da masu ba da tallafi, a karanta musu abin da aka samo, su ce haka ne ko ba haka ba ne. Meram ta san da shi, amma ba ta zaci maganar za ta fita a yadda take ba.

"Dakta, rantsuwar nan fa," ta ce. "Ina ganin kamar suna ce. A cire ta, a bar maganar buhunan."

"Ƙauyuka nawa muka shiga? Mata nawa ne ruwa ya ci mazajensu a wannan yankin? Ba mu faɗi gari ba, ba mu faɗi suna ba. Mun cika ƙa'ida." Ya zauna, ya sassauta murya. "Kin san mutanen nan da ke zuwa daga nesa, ba sa tuna alƙaluma. Murya suke tunawa. In muka cire rantsuwar, maganar ta zama tsegumi. Da ita kuwa, sai sun tsaya sun saurara. Don amfanin matar nan ne ma."

Meram ta so ta ce a koma a tambayi Fanne. Amma hanyar da nisa, motar na wani ƙauye, taron ya matso. Kuma can cikin ranta tana son a ji maganar yadda ta ji ta, tana son a san ita ce ta samo ta. Ta ce, "To, Dakta."

Ranar taron zauren ya cika. Masu gari sun zauna a gaba da manyan riguna, jami'ai a gefe, ga wata baƙuwa daga masu tallafi tana ta rubutu. Bulama Ibram na layi na biyu, carbi a hannunsa. Dakta Zakir ya yi bayanin yadda aka yi binciken, yadda aka zaɓi ƙauyuka da gidaje ta ƙuri'a don kada a ce an yi son kai, yadda aka ji mata da matasa. Aka yi ta haska alƙaluma a bango da majigi, mutane na hamma, fanka na kaɗa iska mai zafi.

Sai maganar Fanne ta fito a bango, da Turanci. A ƙasanta an rubuta: mace, mai bandar kifi, ƙauyen gefen tafki.

"Yawancin iyayenmu ba sa karanta Turanci," in ji Dakta Zakir. "Malama Meram, karanta mana yadda aka faɗe ta."

Ta miƙe da takardar Hausar a hannunta. Ta ga Bulama. Tana iya tsayawa a kan buhunan yashi ta zauna, babu wanda zai ce ta rage wani abu sai Dakta. Amma idanu na kanta, lasifika na hannunta, bakinta ya bi rubutun har ƙarshe. "In ƙarya nake, ruwan da ya ci maigidana ya ci ni."

Baƙuwar ta daina rubutu ta ɗago kai. Bulama Ibram bai motsa ba, bai ɓata fuska ba. Ya ja carbinsa, ya ce da muryar nan tasa mai sanyi, yadda na kusa da shi duk suka ji:

"Allah ya jiƙan Abbagana. Mutumin kirki ne."

Waɗanda ke gefensa suka ce amin. Meram ta zauna ba ta san ta zauna ba.

Da aka ba da damar magana, Bulama ya miƙe ya yi godiya ga gwamnati da ƙungiya da baƙi. Ya ce shi bai san wane gari ake nufi ba, amma in nasa ne, ƙofarsa a buɗe take. Ya ce mace in ta rasa miji a ruwa, zuciyarta kan daɗe ba ta dawo daidai ba, kuma hakkin al'umma ne su yi haƙuri da ita. Ya roƙi a turo masu bincike su je su duba mashigar da idonsu. Aka tafa masa. Baƙuwar ta ce wannan magana ce mai nauyi, dole a tabbatar da ita kafin ta shiga rahoto. Dakta Zakir ya ce haka ne, ƙa'idarsu ma ke nan.

Bayan taro Meram ta tare shi a bakin ƙofa. "Dakta, ya gane ta. Mu tafi yanzu."

"Na ji abin da ya ce," ya amsa, fuskarsa ta canza. "Amma in muka ruga can yau, mun tabbatar masa ke nan. Bari ƙura ta lafa. Ba zai taɓa ta ba, ido na kansa yanzu."

Ƙura ta daɗe ba ta lafa ba, don sai da aka gama taron Nguru, aka gama na wani yankin, sannan aka ba ta mota. Fanne ba ta da waya. Meram ta kira wani malamin makaranta da ta sani a ƙauyen da ke kusa, ya ce bai ji komai ba.

Da ta koma Dabar Jumare, Bulama da kansa ya tarbe ta, ya haɗa ta da mutum biyu su kai ta mashigar. Babu buhu ko ɗaya. Akwai taɓo da aka tona sabo-sabo, da sawun ƙafafu, da wani yagaggen ƙyallen buhu da ya maƙale a jikin saiwa. Ta ɗauki hotonsa, tana ɗauka tana sanin ba zai shaida komai ba.

Ta tara mata a gidan da suka zauna a da. Waɗanda suka zo ba su kai rabin na farko ba. Ta sake yin bayanin da ta saba, cewa babu wanda zai san wa ya faɗi me. Wata tsohuwa ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Ta tambaye su ko sun taɓa ganin an toshe mashiga.

"Mu mata ne, me ya kai mu mashiga?"

"Kacalla ce dai, Malama."

Ta bi masunta ɗaya-ɗaya a bakin ruwa. Kowa ya gaishe ta da ladabi, kowa ya ce yana sauri. Ta wuce gidan Fanne. Ƙofar a ɗaure take da igiya, bandar ta yi sanyi, kaji na tona tokar. Tana tsaye sai wata matashiya daga gidan maƙwabta ta leƙo ta kan zana. Sunanta Huseina, tana cikin waɗanda suka yi murmushi ranar da Fanne ta yi tsaki.

"Ba ta nan," ta ce a hankali. "Ta tafi Nguru."

"Korar ta aka yi?"

"Wa ya kore ta? Babu wanda ya ce mata ko kanzil. Kawai dai in ta je bakin ruwa, kowa sai ya ce kifinsa an riga an saya. Mai itace ya daina tsayawa a ƙofarta. Aka yi suna a gidan ƙanin mijinta, ba a gaya mata ba. Ta je da kanta, mata suka tashi suka bar mata tabarmar." Huseina ta waiga. "Har Bulama ya aika mata da gero, wai sadakar marayu. Ta mayar. Daga nan aka ce ai ga shi, ta haukace."

"Huseina, ke kin san maganarta gaskiya ce. In kika faɗa mini, mun zama biyu, ba zan sa..."

"Ba za ki sa sunana ba." Ta dubi Meram ido cikin ido. "Malama, ina da miji a garin nan, ina da yara. Sai an jima."

Huseina ta koma bayan zanar.

A Gashuwa ta zayyana wa Dakta Zakir komai. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne, kuma ta ga abin ya dame shi.

"Kuskure ne," ya ce. "Na ɗauki nawa kason. Zan rubuta a cikin darussan da muka koya."

"Maganar buhunan fa? Za ta shiga rahoto?"

"Da me za mu tsayar da ita? Mutum ɗaya ya faɗa. Taron mata bai faɗa ba, taron maza ya musa, kin je da idonki ba ki ga komai ba. In na sa ta, duk wanda ya san aikin nan zai yi watsi da rahoton gaba ɗaya."

"Ba su faɗa ba ne saboda abin da muka yi."

"Na sani. Amma ba zan iya rubuta abin da mutane ba su faɗa ba."

"Shirunsu fa? A da sun yi murmushi, yanzu sun gudu. Wannan ba shaida ba ce?"

"Shaida ce a wurina da ke. A takarda, shiru shiru ne."

Rahoton ya fito da kauri, da hotunan mata zaune a da'ira, har da bayan kan Meram a ɗaya daga ciki. Ya ce an tuntuɓi dukkan ɓangarorin al'umma, kuma mafi rinjaye sun danganta mutuwar tafkuna da kacalla. A wani ɗan layi can ƙasa an ce an samu zargin karkatar da ruwa a wuri ɗaya, amma ba a iya tabbatar da shi ba. Rahoton ya ba da shawarar a danƙa kula da ƙofofin ruwa ga kwamitocin gari ƙarƙashin masu gari, saboda su jama'a suka nuna sun amince da su.

Meram ta koma Nguru hutun ƙarshen aiki. Ta yi ta ɗage zuwa kasuwar kifi, yau ciwon kai, gobe baƙi. Ranar da ta je, ta zaga rumfunan 'yan banda tana tambaya, har wani ya nuna mata can ƙarshen layi, inda ake gyaran ɗanyen kifi. Fanne na tsugune a gaban wani babban baho, tana kankare karfasar wani ɗan kasuwa, ƙudaje sun rufe wurin. Ta rame, hannayenta sun yi fari saboda ruwa.

"Ya Fanne."

Ta ɗago, ta gane ta nan take. Ba ta daina kankara ba. "'Yar rikoda. Lale."

Meram ta tsuguna. "Na zo neman gafara. Ni na karanta maganarki a gaban mutane. Na ga Bulama a zaune, na karanta."

"An gaya mini. An ce har da rantsuwar, kin kwaikwayi muryata."

"Ban sa sunanki ba, amma..."

"Da kin sa sunan ma ya fi. Da an ce Fanne ta tsaya ta faɗa. Yanzu cewa ake na ɓuya a bayan baƙi na soki garina." Ta jefa kifin cikin baho ta ɗauki wani. "Wannan duk ya wuce. Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Sun ji? Manyan naku, sun hana shi?"

Meram ta so ta yi ƙarya. Ta dubi ruwan bahon da ya yi ja. "An cire maganar. An ce mutum ɗaya ne ya faɗa."

Wuƙar ta tsaya.

"Mutum ɗaya," in ji Fanne.

"Na koma, na tambayi kowa. Babu wanda ya yarda ya yi magana."

"Ƙofar ruwan fa?"

"Kwamiti ne zai riƙe."

"Wa ke kan kwamitin?"

Fanne ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta goge goshi da bayan hannu.

"Shekara da shekaru ina zaune da maganar nan a cikina, ba ta hana ni cin tuwo ba. Kika zo kika zauna a ƙasa kamar 'yar gida, kika ce in na ga dama. Wallahi ban taɓa jin wanda ya ce mini in na ga dama ba, shi ya sa na buɗe baki. To ga shi, kun karɓa, kun nuna wa mai ita, kun zubar. Ba ku ci ba, ba ku bar ni da abina ba."

"Ya Fanne, bari na nema miki wuri. Akwai ƙungiyar mata masu banda a nan, na san shugabarsu. Ko ki dawo gidanmu kafin..."

"Ina da wurin kwana, 'yar ƙanwata na nan Nguru. Bandata na Dabar Jumare, kabarin uwata na can. Za ki iya mayar da ni?"

"Ba zan iya ba."

"To."

Mai kifin ya leƙo daga rumfa ya ce a yi sauri, mota na jira. Fanne ta amsa masa da ladabi, ta sunkuya ta ci gaba. Meram ta daɗe a tsugune, ƙafarta ta yi tsami, tana jiran ko za a ce an yafe mata, ko a zage ta. Ba a yi ko ɗaya ba. Can Fanne ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Matsa kaɗan, 'yata, za a zubar da ruwa."

Ta matsa, aka zubar, ta tashi ta tafi.

Bayan damina injuna suka zo suka yashe kacalla, aka gina ƙofar ruwa a mashigar Dabar Jumare, aka yi bikin buɗewa, Bulama Ibram ya karɓi makulli a madadin al'umma. Shekarar farko an bar ruwa ya shiga tafki, baƙi suka zo suka ɗauki hoton masunta da manyan tarwaɗa. Shekara ta biyu tallafin ya ƙare, baƙi suka daina zuwa. Malamin makarantar nan ya gaya wa Meram a waya cewa shinkafar fadama ta yi kyau ƙwarai bana, masunta kuwa da yawa sun tafi ci-rani.

Meram ba ta bar aikin ba. Dakta Zakir ya rubuta mata takardar yabo, wata ƙungiya ta ɗauke ta binciken rijiyoyi a yankin Yusufari, daga baya ma ita ke horar da sababbi. Ta yi suna wajen tsanani. Ba ta barin a haska maganar kowa a bango, kuma an sha yin faɗa da ita a kan haka, ana cewa rahotanninta ba su da rai. Kasuwar kifin Nguru kuwa ta daina shiga. In ana son kifi a gidansu, sai dai a aiki wani. Ta ji labari a bakin mutane cewa Fanne ta bar Nguru, wasu sun ce ta bi wata 'yarta Karasuwa, wasu sun ce ta yi gabas wajen tafkin Chadi. Meram ta san wanda za ta tambaya ta tabbatar, ba ta tambaya ba.